Wi-Fi da kebul a laftof mai Linux: tambayoyin da aka fi kawo mini a Samaru

Da zarar an koma makaranta, shagona ba ya rabuwa da ɗalibai masu laftof a hammata. Labarin kusan ɗaya ne: malami ya ce a ɗora Linux, ko aboki ya zuga, an goge Windows da daddare, gari ya waye babu intanet. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ne na tattara tambayoyin a nan. Umarnin da na kawo na masu Ubuntu, Mint, Debian da Fedora ne, domin manhajar NetworkManager ce ke riƙe da ragamar haɗinsu. Masu FreeBSD da OpenBSD, waɗanda ba Linux ba ne, taku ita ce tambaya ta 16.

1. Na ɗora Linux, intanet ya ƙi. Ta ina zan fara?

Ba ta sake ɗora Linux ba, ko da yake abin da kusan kowa ke fara yi ke nan. Wanda ya goge ya sake sau uku, sau uku zai tarar da matsalar tana zaune tana jiransa. Haɗin intanet hawa-hawa ne kamar tsani, kowane mataki da umarnin da ake gwada shi da shi. Buɗe taminal ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

`ip link` zai nuna maka ko kwamfutar ma ta san da katin. In ba ka ga na Wi-Fi ba, tsaya nan, tafi tambaya ta 3. In yana nan, `nmcli device status` zai faɗa maka ko ya kama ko bai kama ba. Ya kama? Sai `ip address`, ka ga ko an ba ka adireshi, irin 192.168.0.105. Daga nan `ip route`, ka nemi layin da ya fara da `default`, shi ne ƙofar da za ka fita ta cikinta. Na ƙarshe, `ping 1.1.1.1`, sannan `ping debian.org`. In na farko ya amsa na biyu ya yi shiru, intanet ɗinka na nan, DNS, wato mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi, shi ne ya kwanta, kuma maganarsa na tambaya ta 10. Matakin da ka tsaya a kansa, nan ciwon yake, ba wani wuri ba.

2. Darussan da nake gani suna cewa eth0 da wlan0, tawa kuma wlp3s0 take nunawa. Lafiya?

Lafiya lau. Tun 2013 systemd, mai tayar da tsarin Linux in an kunna, ya kawo sunaye masu bin mazaunin kati a jikin kwamfuta, don kada sunan ya riƙa sauyawa duk sanda aka kunna. Wanda ya fara da `en` na kebul ne, `wl` na Wi-Fi. Kali, Linux ɗin masu koyon tsaron intanet, har yanzu tsoffin sunayen take amfani da su. Duk inda na rubuta wlp3s0 ko enp0s25 a nan, ka sa naka.

3. Alamar Wi-Fi ba ta fitowa kwata-kwata. Katin ya ƙone ne?

Da wuya. Fara da `rfkill list`. In ka ga `Soft blocked: yes`, `sudo rfkill unblock all` ya wadatar. In `Hard blocked: yes` ne, babu umarnin da zai buɗe shi, sai hannu: tsoffin ThinkPad da Latitude suna da ɗan makunni a gefe ko a gaba, wanda jaka kan goga ta kashe shi, EliteBook kuma maɓalli mai fitila, ruwan lemo in a kashe yake. In ba makunni, leƙa cikin BIOS, wani lokacin a can aka rufe shi.

In ba a toshe yake ba, saura direba. `lspci -k` zai jero kayan cikin kwamfutar, ka nemi layin katin Wi-Fi ka duba ko akwai `Kernel driver in use` a ƙarƙashinsa. Yawancin tokumbon da ake kawowa nan masu katin Intel ne, direbansu iwlwifi yana zuwa da Linux ɗin, abin da kan rasa shi ne ƙaramar manhajar da ake loda wa katin kansa. `sudo dmesg | grep -i firmware` zai faɗi sunan fayil ɗin da ya nema bai samu ba. A Debian fakitin shi ne firmware-iwlwifi ko firmware-realtek. Wannan ya addabi masu Debian shekara da shekaru, sai da Debian 12 ta fito a 2023 aka fara haɗa waɗannan fayiloli cikin faifan ɗorawa na hukuma. Don haka mai yawo da tsohon filashi na Debian 11 ko wadda ta girme ta, ya sabunta.

Katin Broadcom shi ke buƙatar direba na daban. A Ubuntu ka buɗe Additional Drivers, a Mint kuma Driver Manager, su za su nuna maka wanda ya dace. Sai dai intanet suke so kafin su sauke shi, wanda ya kai mu tambaya ta gaba.

4. To, ba Wi-Fi, ba kebul, da me zan sauke direban?

Da wayar da ke aljihunka. Jona ta da laftof ta igiyar USB, kunna data, ka shiga saitin Android wurin hosfot ka kunna raba intanet ta USB. Linux zai ɗauke ta a matsayin kebul nan take, ba ya neman wani direba. Abin lura ɗaya: igiyar caji ta arha da ake sayarwa a bakin tasha, da yawanta wuta kaɗai take kai wa, ba ta ɗaukar data. In wurin kunnawar ya yi dishi-dishi ya ƙi taɓuwa, igiyar ce, nemo wata. iPhone ma tana yi, in akwai fakitin usbmuxd a kwamfutar kuma ka amince wa kwamfutar a fuskar wayar.

Ni dai ba na fara ɗora wa kowa Linux sai da igiya mai kyau a kan tebur.

5. Na sa direban Broadcom, na sake kunnawa, har yanzu shiru.

Duba `mokutil --sb-state`. In Secure Boot, wani saitin tsaro na BIOS, na kunne, ba ya barin direban da ba a sa masa hannu ba ya hau. Lokacin saka direban an nemi ka zaɓi wata kalmar sirri, da ka sake kunnawa wani shuɗin allo ya fito, kai kuma ka danna ka wuce da sauri. A wannan allon ne ake zaɓar `Enroll MOK` a shigar da kalmar. Ko ka sake saka fakitin ka bi a hankali, ko ka kashe Secure Boot a BIOS. In Windows na gefe kuma BitLocker, mai kulle faifansa, na kunne, ka tanadi lambar buɗe shi kafin ka taɓa wannan saitin.

6. Kali ɗina a cikin VirtualBox take, intanet na yi amma babu wlan0. Me ya sa?

Wannan 'yan koyon tsaron intanet ke kawo ta, kusan kowane mako. VirtualBox manhaja ce mai kunna kwamfuta a cikin kwamfuta, kuma ta cikin ba ta ganin katin Wi-Fi na gaske. Uwar ce ke riƙe da shi, ta miƙa wa 'yar haɗi a kamannin kebul, shi ya sa eth0 kaɗai kake gani. Ba lalacewa ba ce, kuma ba direban da zai gyara. In aikin aji na buƙatar katin Wi-Fi a cikin Kali, sai ka sayi na USB ka miƙa mata shi kai tsaye daga saitin VirtualBox.

Wurin saye, sunan da ke kan kwali ba shi ne abin dubawa ba, abin da ke ciki ne. Misali, katin USB TL-WN722N fitowar farko Atheros AR9271 ne a cikinta, tana aiki da an soka. Fitowa ta biyu da ta uku Realtek ne, kwali iri ɗaya, hali daban. Tafi da laftof ɗinka kasuwa, ko PZ ne ko Sabon Gari, a soka a gabanka, ka buga `lsusb` kafin kuɗi su bar hannunka.

7. Yaya zan haɗa Wi-Fi daga taminal, ba tare da linzami ba?

`nmcli device wifi list` zai jero waɗanda ke kusa. Sai `nmcli --ask device wifi connect "SunanWiFi"`, zai tambaye ka kalmar sirri, ta haka ba za ta zauna cikin tarihin umarninka ba. Mai ƙyuyar haddace umarni ya buga `nmtui`, zai samu jeri mai bin kibiya. In abokin ɗaki ya dame ka da tambayar kalmar da ka manta, `nmcli device wifi show-password` zai fito da ita har da lambar QR da zai haska da wayarsa.

8. Na soka kebul, babu abin da ya faru.

`sudo ethtool enp0s25`, ka duba layin ƙarshe. `Link detected: no` na nufin wuta ba ta gudana tsakanin bakin nan biyu: ko kebul ya tsinke a ciki, ko kan ya saki, ko rautar a kashe take saboda an ɗauke wuta kai ba ka lura ba tunda laftof na kan batir. Da hunturu kuma ƙura kan cika ramin, a busa shi tukuna. In ya ce `yes` amma adireshinka ya fara da 169.254, ko babu adireshin sam, to kebul lafiyarsa ƙalau, babu mai raba adireshi ne a wancan ɓangaren. Duba tambaya ta 9.

Akwai kuma layin `Speed`. Wani mai shagon cike fom a Tudun Wada ya taɓa kirana, wai tura fayil tsakanin kwamfutocinsa na tafiyar hawainiya, yana shirin sayen sabuwar rauta. Na duba, 100Mb/s, alhali duk kayansa na gudun 1000 ne. Na zare kan kebul ɗin na ɗaga shi ga hasken taga: cikin sirara takwas, ɗaya mai ruwan ƙasa ba ta kai ƙarshe ba, ta tsaya rabin hanya. Gudun 100 sirara huɗu yake amfani da su, na 1000 sai takwas ɗin duka. Muka yanke muka matse sabon kai, magana ta ƙare. Ka tuna kuma tsawon kebul ɗaya kada ya wuce mita 100, kuma wanda aka ja ta sararin tsakar gida daga wannan gini zuwa wancan, a zare shi in hadari ya haɗo. Na ga ramukan kebul da tsawa ta soya, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

9. An ba ni lambobi a ɗakin gwaji, an ce in sa da hannu. A ina?

Abu uku za a ba ka: adireshinka, ƙofar fita, da mai fassara sunaye. `nmcli connection show` zai nuna sunan haɗin, sannan:

`sudo nmcli connection modify "Wired connection 1" ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.1.50/24 ipv4.gateway 192.168.1.1 ipv4.dns 1.1.1.1`

Sai `nmcli connection up "Wired connection 1"`. Wannan /24 ɗin daidai yake da 255.255.255.0 da aka rubuta maka a takarda. Kada ka ƙirƙiri adireshi da ka, in ya yi karo da na wani ku biyun za ku wahala. Kuma in ka bar wurin ka mayar da `ipv4.method auto`, ka share lambobin, in ba haka ba kebul ɗin gida zai ƙi ka rasa dalili. Mafi sauƙi ma, ka buɗe haɗi biyu, ɗaya na makaranta ɗaya na gida.

Masu Ubuntu Server, naku a /etc/netplan yake. Ku yi amfani da `sudo netplan try`, domin in saitin ya yanke ku zai koma na da bayan daƙiƙa 120. Masu Debian kuma, duk katin da aka rubuta a /etc/network/interfaces, NetworkManager kan janye hannunsa daga kansa ya kira shi `unmanaged`.

10. Ya nuna ya kama, amma shafuka ba sa buɗewa.

Kafin komai, datar na nan? Kada ka ji kunya, ni ma na taɓa shafe rabin awa ina bincike a kan MiFi da ta ƙare. In tana nan, koma ga gwajin `ping` biyu na tambaya ta 1. Lamba ta amsa suna ya ƙi, to DNS ne. `resolvectl status` zai nuna wanda kake tambaya a Ubuntu da Fedora. Canza shi da `ipv4.dns "1.1.1.1 8.8.8.8"` haɗe da `ipv4.ignore-auto-dns yes`, ta hanyar umarnin tambaya ta 9. Kada ka gyara /etc/resolv.conf da hannu, za a goge abin da ka rubuta. A otal ko ɗakin karatu kuma, wataƙila shafin shiga ne ke jiranka, buɗe adireshin da ya fara da http zalla zai fito.

Sai agogo, wanda ba mai tunawa da shi. Wata ɗaliba ta taso tun daga Kongo, ido ya yi ja, saura kwana biyu ta miƙa furojet. "Malam, an ce bairos ne, wai sai an goge komai." Kowane shafi ta buɗe sai gargaɗin tsaro. Na ce, "Ƙanwata, yau nawa ga wata?" Ta faɗa. Na juya mata fuskar laftof ɗin, can saman allo kwanan watan ya koma shekaru baya. Ɗan batirin agogo da ke jikin allon ciki ya mutu, babban batirin ma ya daɗe da sallama, don haka duk sanda aka ɗauke wuta sai ta manta ranar. Shafukan https kuwa takardar shaidarsu na da ranar farawa da ta ƙarewa, in agogonka ya kauce sai burauza ta ƙi yarda da su. `timedatectl` ya nuna, muka gyara lokacin, muka kunna `sudo timedatectl set-ntp true`, muka canza batirin. Ko fayil ɗaya ba a goge ba.

In bambancin awa ɗaya ne cif duk sanda ka dawo daga Windows, wannan daban ne: Linux na ajiye agogon ciki a lokacin UTC, Windows a lokacin gida, Nijeriya kuma tana gaba da awa ɗaya.

11. Kebul da Wi-Fi duka suna haɗe. Wanne ake bi?

Kebul. A `ip route` za ka ga `metric` 100 a nasa, 600 a na Wi-Fi, mai ƙaramar lamba ke gaba. Matsalar takan zo in kebul ɗin na firinta ne ko na cikin ofis kawai, ba intanet a bayansa. Sa masa `ipv4.never-default yes`, sai ya tsaya kan aikinsa, intanet ya bi Wi-Fi. In kuma Wi-Fi mutuwa yake da zarar ka soka kebul, musamman a HP, nemi `LAN/WLAN Auto Switching` a BIOS ka kashe.

12. Na kunna hosfot minti kaɗan, datata ta tafi. Wa ya sha?

Sabuntawa ta bayan fage. Faɗa wa kwamfutar cewa wannan haɗin na awo ne: `nmcli connection modify "SunanWiFi" connection.metered yes`. Hosfot na Android kan sanar da kansa, amma MiFi da rauta mai sim ba lallai ba, sai ka sa da kanka. A Ubuntu ƙara da `sudo snap set system refresh.metered=hold`, domin fakitocin snap manya ne, kuma Firefox na cikinsu. Ba ina cewa ka daina sabuntawa ba ne. Ka tara ta zuwa lokacin datar dare ko ranar da ka samu kebul.

13. Wi-Fi na kamawa yana saki, ko ya yi rauni a ɗaki.

`iw dev wlp3s0 link` zai ba ka ƙarfin sigina. Kusa da -50 garau ne, -70 lallaɓawa, -80 sai haƙuri. A gidajen cikin birni masu katangar ƙasa mai kauri, rauta a zaure, kai a ɗakin ƙurya, ba direban da zai cece ka. Zangon 5GHz ya fi gudu amma bango na cinye shi, 2.4GHz ya fi ratsawa. A hostel kuwa akasin haka ne: kowa da hosfot ɗinsa a 2.4GHz, sun cushe kamar Kwangila da yamma, don haka in wayarka da laftof suna iya 5GHz, koma can. Mai rauta a 2.4GHz ya zaɓi tasha ta 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna.

In sigina na da ƙarfi amma yana saki, musamman a kan batir, katin ne ke gyangyaɗi don tattalin wuta. Kashe da `nmcli connection modify "SunanWiFi" 802-11-wireless.powersave 2`. Batir zai ɗan rage daɗewa. Masu Windows a gefe su kashe Fast Startup, domin yakan bar katin a wani hali da Linux zai tarar da shi rabi a farke.

14. Wi-Fi na makaranta ko ofis yana neman suna da kalmar sirri, ya ƙi ni.

Wannan shi ne WPA2 Enterprise. Galibi ana zaɓar PEAP, na ciki kuma MSCHAPv2, amma masu kula da netwok ɗin wurin su ne da tabbacin, har da yadda ake rubuta sunan da takardar shaidar da za ka sa. Akwai akwatin da ke cewa ba a buƙatar takardar shaida. Yana sa a haɗu da sauri, amma duk wanda ya kafa Wi-Fi mai suna iri ɗaya zai iya yaudarar kwamfutarka. In suna da takardar, karɓo ta.

In wurin na rajistar lambar MAC ne, wato lambar shaidar katinka, tabbatar taka ba sauyawa take ba, don sabbin Fedora kan ba kowane Wi-Fi lamba daban. `802-11-wireless.cloned-mac-address permanent` zai tsayar da ta asali.

15. Zan iya raba intanet ɗin laftof ga wasu?

Ƙwarai. In ta kebul yake shigowa, `nmcli device wifi hotspot ssid Dakinmu password kalmarsirri8` zai mayar da laftof ɗin rauta, muddin `iw list` ya nuna `AP` cikin abin da katin ke iyawa. Kalmar kada ta gaza harafi takwas. In ta Wi-Fi yake shigowa kana son ba tebur-kwamfuta ta kebul, sa wa haɗin kebul ɗin `ipv4.method shared`. Laftof za ta ɗauki 10.42.0.1 ta raba wa ɗayar adireshi. Kebul na yau da kullum ya isa, katunan yanzu suna daidaita kansu. In datar waya ce tushen, koma ka karanta tambaya ta 12 kafin ka ba ɗaki guda kalmar.

16. Ni FreeBSD ko OpenBSD na ɗora. Duk wannan ya shafe ni?

Tsanin tambaya ta 1 naka ne, umarnin ne suka bambanta: `ifconfig` a madadin `ip`, `netstat -rn` don ganin ƙofar fita. Kati a nan sunan direbansa yake ci, em0 ko re0 na kebul, iwm0 ko iwn0 na Wi-Fi. A FreeBSD, `sysctl net.wlan.devices` zai faɗi naka. A /etc/rc.conf ka rubuta `ifconfig_em0="DHCP"`, sai `wlans_iwm0="wlan0"` da `ifconfig_wlan0="WPA DHCP"`. Sunan Wi-Fi da kalmarsa suna shiga /etc/wpa_supplicant.conf, sannan `service netif restart`. Mai son kebul da Wi-Fi su riƙa karɓar juna da kansu, ya haɗa su ƙarƙashin lagg0 da `laggproto failover`, kebul a gaba.

OpenBSD ta fi gajarta. Fayil ɗaya ne ga kowane kati, misali /etc/hostname.iwm0, layi biyu a ciki: `join SunanWiFi wpakey kalmarsirri` da `inet autoconf`, sai `sh /etc/netstart`. Amma sai `fw_update` ya sauke manhajar katin tukuna, shi kuma intanet yake so, don haka ranar ɗorawa ka zauna kusa da kebul. Kuma katunan da BSD ke ɗauka ba su kai na Linux yawa ba. In tokumbo za ka saya saboda ita, nemi ThinkPad ko Latitude mai katin Intel, ka kunna ta da filashin Linux a shagon, `lspci` ya nuna maka sunan katin kafin a fara ciniki.